Butar Baba Idrisa

Na fi shekara ashirin ina ba da labarin tafiyata Libiya. Duk wanda ya taɓa zama a kan tabarmar ƙofar gidana a unguwar Limawa, cikin Dutse, ya ji shi: hamada, ƙishirwa, teku. Amma akwai wani wuri a tsakiyar labarin da kullum nake kewayewa, kamar mai tafiya ya hango rami. Yanzu ido ya fara gazawa, gwiwa ta fara ƙin tashi, na ga gara in rubuta shi da ramin a ciki. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, a yi haƙuri da rubutun.

Sunana Sale. Gidanmu gidan ƙira ne, a wani ƙauye bayan Jahun. Abu ɗaya kawai ya kamata a sani game da fitowata: na gaya wa mahaifina, wanda muke kira Baffa, cewa ƙirar fartanya da lauje ba aikin da mutum zai tsufa a kai ba ne, kuma ba zai sake ganina ba sai na zama wani abu. Yana riƙe da awartaki lokacin. Bai ɗago ba, ya dai juya ƙarfen cikin gawayi.

A Agadas muka yi kwana goma sha tara a wani kango. Wani mai farin tabarau da ke kiran kansa Alhaji ya karɓi takardunmu, ya ce zai kai a buga musu hatimi, kuma kamfani na jiranmu a can Libiya. Kullum yakan zo da safe ya ce gobe. Ranar da mota ta samu, bai zo ba. Haka muka hau ba mu da komai da ke nuna ko mu su wane ne, sai fuskokinmu.

Direban Buzu ne, Agali, dogo, ba a ganin komai nasa sai idanu. Da ya ji an ce ni maƙeri ne, sai ya tsaya ya ƙare min kallo ya ce ashe har da bawansa a motar, to in hau can baya kusa da jarkoki inda ya dace da ni. Na ce masa takobin da kakansa ya yi tinƙaho da shi kakana ne ya ƙera, kuma har yau ba a gode ba. Ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Wasan Buzu da maƙeri tsoho ne, kuma shi ya sa duk tsawon hanyar in ya dafa shayi nakan samu kofi na biyu.

Hamada ba ta da labari mai yawa. Rana ta fito, rana ta faɗi, tsakaninsu kana riƙe da sanda kada ka zame daga kan kaya. Abin da nake tunawa shi ne kawalwalniya. Wajen azahar sai in hango duwatsun Dutse can gaba, ɗaya bisa ɗaya yadda suke, suna yawo a kan ruwa, ga bishiyoyin dabino a ƙarƙashinsu kansu a ƙasa. Na san ƙarya ce, amma nakan zuba musu ido har su narke.

A kwana na huɗu ƙusar da ke riƙe da sifirin baya ta karye. Motar ta kwanta gefe guda kamar raƙumi mai ciwon ƙafa. Agali ya shiga ƙarƙashi ya fito da gutsure biyu a tafinsa, ya zauna yana juya su. Kowa ya san yawan ruwan da ya rage. Sai na ce a ba ni gawayin shayi da hannun jak. Muka haƙa rami, muka yi zugazugi da busasshiyar salka, gindin jak ya zama uwar maƙera. Na bugi ƙarfen nan har ya ɗauki siffar ƙusar. Da na nemi ruwan tsomawa mutane suka tayar da murya, Agali ya ce a ba bawansa abin da ya nema. Aka zuba a tukunyar shayi, na tsoma, tururi ya tashi. Ƙusar nan ta kai mu har iyaka ba ta motsa ba.

Aka yi ta shi min albarka. Wani dattijo daga Damagaram ya riƙe hannuna ya shafa a fuskarsa. Na faɗi wannan ba don yabon kai ba. Na faɗa ne don a nan cutar ta shige ni. Daga ranar na ɗauka hannuna ya san wani abu game da ƙarfe da sauran duniya ba su sani ba.

Bayan iyaka aka miƙa mu ga wani direba, wanda ya sauke mu da hantsi ya nuna wani layin dabino ya ce Sabha na bayansa. Yini da rabi muka yi a ƙafa. A wata gonar dabino wani tsoho ya ganmu, bai tambaye mu komai ba, ya buɗe mana bututun ban-ruwa, ya juye mana dabino a kan buhu. Dabinonsu manya ne, masu laushi. Ina ci ina gardama da shi a zuciyata cewa na Dutse ya fi zaƙi, hawaye na zuba.

A Sabha na yi wata bakwai ina ɗaukar bulo. Daga nan na gangara Misrata, inda na fara ganin teku. Na tsaya a bakinsa na daɗe, don na zaci wannan ma zai narke in na matsa.

A garin akwai wani shataletale da masu neman aiki ke tsayuwa da safe, kowa ya ajiye kayan sana'arsa a gabansa don a san abin da ya iya. Ni guduma ɗaya gare ni. Wata safiya wata a-kori-kura ta tsaya, wani baƙin dattijo mai farin gemu ya sauko, ya bi layi yana kallon hannuwa, ba fuska ba. Da ya iso kaina ya kama hannuna ya juya, ya ce da wata irin Hausa mai nauyi kamar ta kakanni:

“Wannan ƙunar ta gawayi ce. Ɗan wane gida?”

Shi ne Baba Idrisa. A Sudan aka haife shi, a bakin kogi. Kakansa ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa zai je Makka, ya tsaya noma guzuri a hanya, noman bai ƙare ba har ya mutu. Baba bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Abin da ya sani kawai, kakarsa takan ce garinsu duwatsu ne masu hawa kan juna, da dabino. Da na ce masa daga wajen Dutse nake, sai ya yanke hukunci nan take cewa garinsu ke nan, kuma ni jikan maƙwabcinsu ne. Ban taɓa musa masa ba. Tun ranar bai kira ni Sale ba, sai ɗan maƙeri.

Ma'aikatar da ya kai ni tankuna ake yi a cikinta, amma ba irin na ruwa da muke ɗorawa a kan gini ba. Tankunan matsi ne, waɗanda ake ɗura wa gas ko tururi har abin da ke ciki ya riƙa neman hanyar fita ta kowace kusurwa. Wani tsawonsa ya kai tirela, kaurin bangonsa ya kai faɗin yatsu uku. Lokacin hutun rana mukan shiga cikin wanda ba a rufe ba mu zauna, don ya fi ko'ina sanyi. A ciki murya takan zaga ta dawo maka kamar wani ne ya yi magana. Baba yakan miƙe ƙafa ya ce in ba shi labarin Dutse. In gaya masa yadda duwatsun ke yin ja in la'asar ta yi sanyi, yadda awaki ke hawa har inda mutum ba ya zuwa, yadda ake saukar da nonon dabino da igiya. Ya lumshe ido, muryata na zagaya tankin, har ni kaina in ji kamar wani ke ba ni labarin garinmu. Yakan ce in ya ajiye aiki tare za mu tafi, ya ga duwatsun nan kafin ya koma bakin koginsa.

Jikin tanki faranti ne ake lanƙwasawa. Amma duk inda aka huda shi don bututu ya shiga, sai a sa wani gundumemen ƙarfe da muke kira wuya, mai zobe a bakinsa da hujojin noti. Waɗannan daga ƙetare ake kawo su cikin akwatunan katako, kowanne da lambarsa. Ranar da na fara ɗaga ɗaya, Baba ya ce in shafa in faɗa masa abin da na ji. Na ce nauyi. Ya ce ɗan maƙeri bai gane ɗan'uwansa ba. Ya ce wannan ba zubi ba ne, ba narka shi aka yi aka juye a mazubi ba, ƙira ce. An gasa shi ya yi ja, aka yi ta dukansa har duk wata iska da ramin da ke cikinsa suka mutu, zaren ƙarfen ya bi siffar wuyan kamar yadda zaren itace ke bin reshe. Ya ce matsi a bakin huji yake taruwa, shi ya sa ba a yarda da kowane ƙarfe a wurin sai wanda ya sha duka.

“Wani irin ubanka ne ya ƙera shi,” in ji shi, “sai dai masabarsa ta kai gidan sama.”

Na tsaya da hannuna a kan ƙarfen. Na ƙetare hamada don in guje wa ƙira, ga ta ta riga ni zuwa, a cikin akwati, ana ɗaga ta da girmamawa.

Kowane mai walda a wurin yana da tambarinsa, ɗan guntun ƙarfe mai lamba a baki. In ka gama ɗinki sai ka buga shi a gefe, don ko bayan shekaru a san hannun wa ne. Baba yana ajiye nasa a aljihu ɗaya da carbinsa. Shekara ashirin da takwas yana buga shi, ba a taɓa dawo da tanki an ce wurinsa ya yi yoyo ba. Ba shi da gida a Libiya, ba shi da mota. Yakan ce in ya mutu, akwai tankuna a wurare da bai sani ba da za su ci gaba da riƙe numfashinsu da sunansa a jiki. Wannan tambarin shi ne dukiyarsa.

Aikina shi ne in shirya masa ƙarfe. Kafin a yi wa wuya walda sai an gasa shi da wutar gas a hankali. Akwai wani alli da ake goga masa. In allin ya narke, zafi ya kai, sai Baba ya fara. In ya gama, sai in lulluɓe wurin da wani farin bargo mai kauri da wuta ba ta ci, a bar shi ya huce da kansa har washegari. Wannan bargon ya tsaya min a rai. A gidanmu in ƙarfe ya fito daga wuta, ruwa ake kai shi ya yi tauri, da idona na gani tun ina rarrafe, da hannuna na yi a tsakiyar hamada aka tsira. Sau ɗaya na tambayi Baba ko ƙarfen jariri ne da ake rufa masa bargo. Ya yi dariya ya ce wannan ƙarfen ba ya son a firgita shi. A raina na ce mutanen nan suna da injuna, ba su da gado.

Ranar wata Alhamis ce, tsakanin azahar da la'asar. Tankin gas ne babba, wuyansa ya kai kaurin turmi. Da safe na gasa, na goga alli, ya narke ya gangara kamar man shanu. Baba ya durƙusa tun hantsi yana zagaya shi, layi bisa layi, ɗinkin ya fito kamar kitso. Ya buga tambarinsa. Sai aka aiko injiniyan wurin na kiransa, wani mutumin Masar da kowa ke kira Muhandis. Baba ya miƙe yana dafe da ƙugu ya ce in lulluɓe. Butarsa ta alwala, ta farin ƙarfe, tana nan gefe ya cika ta yana jiran la'asar.

Allah ya sani ba mugunta na nufa ba. Na dubi ɗinkin nan mai kyau, na ce bari in ƙara wa aikin Baba abin da bai sani ba, ya yi taurin da ba a taɓa gani ba, ko da ba wanda zai san ni na yi. Na ɗauki butar na zagaya wuyan da ruwa.

Tururi ya tashi ya rufe ni. Ƙamshinsa ƙamshin maƙerarmu ne sak. Sai na ji kamar ina ƙarƙashin rumfar Baffa, ina jin zugazugi na numfashi, ina jin kaji a bayan danga. Sai na ji wani ɗan sauti daga cikin ƙarfen, ƙas, kamar an taka busasshen kara.

Na san sautin. In Baffa ya ji shi a jikin wuƙa, ba ya ko dubawa, gefe yake jefa ta. Na ajiye butar, na jira ruwan ya bushe, na ɗauko bargo na lulluɓe da kyau, har da ɗaure shi da waya.

Baba ya dawo, ya ɗaga butarsa, ya ji ba nauyi. Na yi sauri na ce ni na yi alwala da ruwan. Ya dube ni kaɗan, ya tafi famfo ya sake cikawa.

Kwana tara aka yi kafin gwaji. An fesa wa ɗinkin wani jan ruwa da ke nuna tsaga, bai nuna komai ba, don saman kawai yake gani. Na fara ce wa kaina kunnena ne. Wata rana da aka fita cin abinci na koma da ƙaramar guduma na ƙwanƙwasa wuyan. Lafiyayyen ƙarfe yakan yi waƙa ya daɗe yana yi. Wannan ya amsa a taƙaice, kamar mai mura. Na ajiye gudumar na je na zauna kusa da Baba, ya tura min kwanon wake, na ci.

Abin da nake tsoro a fili yake. Ba ni da takarda. In aka kore ni, hannun hukuma zan faɗa, daga nan a tasa ƙeyata gida. Ina ganin kaina ina sauka a tashar Jahun da riga ɗaya, ina shiga rumfar nan, Baffa na juya ƙarfe bai ɗago ba. Duk lokacin da na buɗe baki zan yi wa Baba magana, wannan hoton ke rufe min shi.

Ba a gwada tanki da gas, da ruwa ake gwadawa, don in ya fashe ruwa ba ya tashi da mutane. Aka cika shi, aka ja layi a ƙasa kowa ya koma baya, injin ya fara turawa. Muna kallon allurar agogon matsi tana hawa a hankali. Baba na tsaye hannu a aljihu, na san carbi da tambari yake juyawa. Allurar ta wuce rabi, ta ƙara. Sai wani siririn zaren ruwa ya fito daga gindin wuyan, ya miƙe sama har kusan rufi, ba ƙara, ba komai. Hasken rana da ke shigowa ta tagar sama ya ratsa feshin, bakan gizo ya tsaya a tsakiyar ma'aikata. Ban taɓa ganin abu mai kyau da muni haka ba.

Aka kashe injin. Muhandis ya je ya goge wurin da hannun rigarsa, ya sunkuya ya karanta tambarin. Ya daɗe a sunkuye.

Aka yanke wurin aka kai bincike. Bayan kwana biyu ya kira mu ofis, ni da Baba. Muhandis ba mugu ba ne, yana girmama Baba ƙwarai, har ya miƙe ya ba shi kujera. Ya ajiye guntun ƙarfen a tebur ya ce gefen ɗinkin ya yi tauri kamar gilashi, kuma abu biyu ne kawai ke kawo haka: ko ba a gasa ƙarfen ya kai ba kafin walda, ko ya huce da gaggawa bayanta. Ya ce da ruwa bai tona ba, da gas ne zai tona, a tsakiyar unguwar mutane. Sai ya juyo gare ni ya tambaya ko na lulluɓe.

“Na lulluɓe,” na ce.

Gaskiya ce, kuma ita ce ƙarya mafi girma da na taɓa yi.

Sannan Baba ya ce, da Larabci, a hankali, laifinsa ne. Ya ce ya yi gaggawa, bai jira allin ya narke ba. Ya sa hannu a aljihu, ya raba tambarin da carbin, ya ajiye tambarin kusa da guntun ƙarfen. Muhandis ya ce bai yarda ba. Baba ya ce tsufa ne, ba ya sallama in zai shigo.

Aka bi duk tankunan da ya taɓa a filin aka sake dubawa, ba a samu ko ɗigo ba. Duk da haka mai ma'aikatar ya ce ba zai iya sayar da tanki da wannan lambar a jiki ba kuma. Cikin mako biyu Baba ya ɗaure kayansa, jaka ɗaya da bargon kwanciya.

Na raka shi tasha da safe. Muna tsaye ana ɗora kaya, na rasa inda zan sa idona. Sai ya kwance butar daga jikin jakarsa ya miƙo min.

“Riƙe. Ranar nan na ɗaga ta na ji wayam, na dubi hannunka na gan shi a bushe, takalminka a ɗaure.”

Na buɗe baki. Ya ɗaga hannu.

“Ni na ƙoshi da ƙarfe, ɗan maƙeri. Kai ko rabin sana'ar ubanka ba ka ɗauko ba ka gudo. Yana da rai?”

Na ce yana da rai.

“To ka koma ka tambaye shi inda ake tsomawa da inda ba a tsomawa. In ka je, ka gaishe min da duwatsun.”

Ya hau mota. Ya sani tun ranar farko, ya ci wake da ni kwana tara yana jira in faɗa, ban faɗa ba. Ko a tashar ma ban faɗa ba. Da ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, daɗin ɗagawar na ji. Ofishin Muhandis kuwa yana nan, tafiyar minti goma daga tashar. Na wuce ta ƙofarsa ranar, na wuce washegari. Ban koma gida ba kuma. Na ƙara shekara uku a wurin, na koyi walda, har aka ba ni tambarina. Ban taɓa barin ruwa kusa da ɗinki ba, ana yabona da tsantseni. Wannan yabon ya fi min zagi ciwo, amma na karɓa.

Da na dawo, na tarar idon Baffa ya yi hazo, ƙanena ke riƙe da maƙera, shi yana zaune gefe yana gane aiki da kunne. Na kawo masa riga da agogo, ya shafa ya ajiye. Bayan kwana biyu, da muka rage mu biyu a rumfar, na yi masa tambayar Baba Idrisa. Ya sa na miƙo masa gatari. Ya bi bakin da yatsa ya ce nan ake tsomawa, nan kaɗai, don ya yi kaifi. Ya gangara zuwa wuyan, inda ke shiga ƙota, ya ce nan ba ya ganin ruwa har abada, cikin toka ake binne shi ya huce da kansa, don shi ke ɗaukar duka. In ya yi tauri zai karye ya tashi ya sami na kusa da kai. Ya ce shekarar da ya yi niyyar nuna min wannan ita ce na ce ina da wurin zuwa.

Na ba shi labarin duka, ban rage komai ba. Ya daɗe yana juya gatarin.

“Shi mutumin, ka faɗa masa da bakinka?”

“Ya sani, Baffa.”

“Ban tambaye ka ko ya sani ba.”

Bai sake tayar da maganar ba har ya rasu.

Na nemi Baba Idrisa. Na ba alhazai wasiƙa. Da Allah ya kai ni Makka na bi unguwannin da Hausawan Sudan ke zama ina tambayar wani Idrisa mai walda, farin gemu, daga bakin kogi. Aka nuna min Idrisa uku, ba shi a ciki. Daga baya ƙasarsu ta shiga yaƙi, na daina samun wanda zan tambaya. In lissafin shekaru ne, da wuya yana raye.

Na buɗe shagon walda a Takur, nan cikin Dutse, ƙofofi da tankunan ruwa, har ƙarfina ya ƙare na bar wa 'ya'ya. Butar tana nan, ta lotsa a gefe, da ita nake alwala. In la'asar ta yi sanyi nakan zauna inda nake hango duwatsun suna yin ja, in gaishe su kamar yadda aka aike ni. Wani lokaci ido kan yaudare ni in gan su suna yawo a kan ruwa kamar a hamada, in ga wani dattijo can ƙasa da jaka ɗaya yana ɗaga kai yana kallonsu.

Ba ni da ofishin da zan shiga yanzu, sai wannan takardar. Ni, Sale ɗan maƙeri, ni na zuba ruwan. In akwai ɗa ko jikan Idrisa mai walda da wannan zai kai gare shi, wanda aka gaya masa tsohonsu ya dawo gida don hannunsa ya gaza, ya sani ba haka ba ne. Bai yi gaggawa ba. Ni na goga allin da hannuna, ina tsaye a wurin, kuma ya narke.